Tumatirin Garka da Tumatirin Gwangwani: Darasi Daga Ɗan Barto

Duk matafiyin da ya taso daga Damagaram, ya ratsa Takeita da Matameye ya nufi kudu, Ɗan Barto ne zangonsa na ƙarshe cikin ƙasar Nijar. A nan ma'aikatan duwan suke. Da an wuce su sai Kwangwalam, sai Daura, sai Kano. Garin ya fi kusa da Daura bisa ga Damagaram, saboda haka duk abin da ya motsa a kasuwannin Najeriya, mutanen Ɗan Barto ne farkon masu jin labarinsa cikin aljihunsu da tukunyarsu.

Ƙasar Kance, inda Ɗan Barto take, tana cikin wuraren da suka fi yawan jama'a a Nijar. Allah ya hore mata fadamu da ƙoramu waɗanda ruwansu ba shi da nisa, ana noman rake da rogo da albasa da kabeji da tumatir. Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Janar Seyni Kunce ta yi kira ga talakawa su rungumi noman rani, garake suka ƙara yawa. Wanda ya shiga kasuwa cikin watan Fabrairu ko Maris zai ga tumatir jajawur a kwanduna, masu shi suna roƙon a saya kafin la'asar. Abin da ya kwana biyu bai shiga ba, ya zama na awaki ko na juji.

To, a dawo wannan kasuwa cikin watan Yuli. Kwandunan nan sun ɓace. Ɗan abin da ya rage ya yi tsadar da talaka ba ya taɓa shi. A maimakonsa, ga masu tebur sun jera ƙananan gwangwanaye da 'yan ledoji masu jan zane, ga kuma babban gwangwani a buɗe ana sayar da abin cikinsa cokali-cokali. Manomin da ya zubar da tumatirinsa da rani, shi ne yau yake miƙa kuɗin cefane a sayo masa tumatirin da ya ƙetaro teku. Wannan al'amari ya isa a zauna a yi masa nazari, domin ya shafi lafiyar iyali, ya shafi kuma dukiyar ƙasa.

DAGA INA GWANGWANI YA FITO?

Tumatir baƙo ne a ƙasar Hausa, kamar masara da rogo da gyaɗa. Asalinsa Amurka ta Kudu ne, mutanen Meziko na da can suka mai da shi abin nomawa, sa'an nan Sifaniyawa suka kai shi Turai cikin ƙarni na 16. Kakanninmu sun yi zamaninsu da miyar kuka da kuɓewa da yakuwa da taushe, ba su san jar miya ba. Sannu a hankali ta shigo birane tare da shinkafa, daga birane ta bazu ƙauyuka, har yau ta zama miyar baƙo da ta ranar suna.

Dabarar ajiye abinci cikin abin da aka toshe kuwa, wani Bafaranshe ne mai suna Nicolas Appert ya bayyana ta a 1810. Shi da kwalabe ya yi aiki: a zuba abinci, a toshe baki, a dafa cikin tafasasshen ruwa. Cikin wannan shekara wani mutumin Ingila, Peter Durand, ya sami takardar izinin yin irin wannan aiki da gwangwanin ƙarfe. A lokacin ba wanda ya san dalilin da ya sa abincin ba ya lalacewa. Sai daga baya Louis Pasteur ya nuna cewa ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani su ne ke ruɓar da abinci, zafi kuwa yana kashe su. A riƙe wannan magana, za mu komo gare ta.

A 1897 kamfanin Campbell na Amurka ya fara sayar da miyar tumatir mai kauri cikin gwangwani, wadda ake ƙara wa ruwa a ɗumama a sha da cokali, domin haka Turawa suke yi da tasu miya. Mu a nan ba irin wannan muke saye ba. Abin da ke zuwa mana shi ne markaɗaɗɗen tumatir wanda aka ƙone ruwansa a masana'anta har ya zama kamar ƙulli. Tumatir ɗanye kusan duk ruwa ne, wajen kashi 94 cikin 100. Ana bukatar kimanin kilo 6 na ɗanye kafin a sami kilo guda na irin wanda ake rubuta wa «double concentré».

Zanen da ke jikin gwangwani da sunansa sukan sa mutum ya zaci kayan Italiya ne. Alhali kuwa mai yawa daga cikin wanda ake ci a Afirka ta Yamma, a lardin Shinjiyan na yammacin ƙasar Sin ake noma shi. A can ake ƙone shi, a ɗura cikin manyan duro, a kai bakin teku. Daga nan ya bi jirgin ruwa makonni, a sake zuba shi cikin gwangwanaye ko ledoji, sa'an nan manyan motoci su yi ta haurowa da shi arewa har ya iso teburin Ɗan Barto. Wani ɗan jarida Bafaranshe, Jean-Baptiste Malet, ya bi sawun wannan ciniki, ya rubuta littafi a 2017 mai suna L'Empire de l'or rouge. A ciki ya ba da labarin masana'antun da ya gani da idonsa suna gauraya tumatirin da za a aiko Afirka da sitaci da dusar waken soya da sukari da jan launi, ba tare da an rubuta haka a jikin gwangwani ba.

GASKIYAR ABIN DA KE CIKI

Wajibi ne a yi adalci. Tumatirin gwangwani na ƙwarai, wanda babu kome cikinsa sai tumatir da ɗan gishiri, abinci ne mai kyau, kuma yana ɗauke da sinadarin likofen, wato abin da ke ba tumatir jan launinsa. Matsalar ita ce mai saye ba ya iya bambanta na ƙwarai da na algus da ido, balle wanda aka ɗebo masa da cokali. Ga hanyoyi uku na kiyaye kai.

Ta farko, karatu. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya sami makami, sai ya yi amfani da shi. A juya gwangwani ko leda a nemi inda aka rubuta «ingrédients». In an ga «tomate» da «sel» kaɗai, wato tumatir da gishiri, to madalla. In an ga «amidon», sitaci ke nan. «Sucre» sukari ne, «colorant» kuwa launi. Ledoji da yawa da ke shigowa daga Najeriya an rubuta musu «tomato mix», ma'ana haɗi ne, tumatir wani kashi ne kawai daga cikinsa. A duba kuma ranar da wa'adinsa zai cika.

Ta biyu, gwaji. A dama rabin ƙaramin cokali na tumatirin cikin ruwa kaɗan, a ɗiga masa ruwan iyod irin na wanke rauni. In ya rikiɗe ya yi baƙi-baƙi mai shuɗi, akwai sitaci a ciki, domin nunannen tumatir ba ya yin haka. Bayan gwaji a zubar da shi, ba a ci.

Ta uku, lura da gwangwanin kansa. Wanda ya kumbura, ko ya lotsa a bakin marfi, ko ya yi tsatsa, ko ya fesar da iska da ruwa sa'ad da aka huda shi, kada ko a ɗanɗana. Gwangwanin da aka buɗe kuma ba wurin ajiya ba ne. Da iska ta shiga, tsamin tumatir yakan fara cin ƙarfen, ga ƙuda, ga ƙura, ga cokali guda da ke shiga yana fita tun safe har dare. In ya zama dole a yi saura, a juye cikin kwalba mai tsabta, a rufe, a yi amfani da shi da wuri.

GISHIRIN DA BA A GANI

Babban haɗarin jar miya ta zamanin nan ba daga tumatir yake fitowa ba, daga abokan tafiyarsa ne. Tumatirin gwangwani yana ba da launi da kauri, amma ba shi da ƙanshi da zaƙin ɗanye. Domin a cike wannan giɓi sai uwargida ta ƙara ɗan dunƙulen nan da jama'a ke kira magi, ta ƙara gishiri, ta ƙara mai. Ɗan dunƙule kuwa kusan rabin nauyinsa gishiri ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa kada babban mutum ya kai garam 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda a shafe, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da ƙosai da kilishi. Na yara ya gaza haka. Bari mu yi lissafi. A ce tukunyar gida mai mutum 8 an jefa mata manyan dunƙule 4 masu garam 10 kowane: gishirin cikinsu ya kai wajen garam 20. A ce an ƙara gishirin hannu garam 20. Jimla garam 40. In an raba wa mutum 8, kowa ya ci garam 5 a zama ɗaya, tun ba a yi maganar kalaci da abincin dare ba.

Yawan gishiri yana jawo hawan jini. Wannan cuta ba ta sallama: mutum yakan yi shekaru da ita yana noma yana cin kasuwa, sai rana ɗaya ɓarin jikinsa ya shanye, ko zuciya ta gaza, ko ƙoda ta daina aiki. Fiye da mutum biliyan ɗaya ke ɗauke da ita a duniya, kusan rabinsu ba su sani ba. Maganinta na asibiti na kullum ne har ƙarshen rai, kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Rigakafi ya fi magani, rigakafin nan kuma a gindin murhu yake farawa. Harshe yana sabawa: in aka riƙa rage gishiri kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni mutanen gida za su daina jin bambanci.

YADDA AKE JAR MIYA MAI LAFIYA

Kayan miyar nan duka a ƙasarmu suke. Albasar Galmi ta yi suna har bakin teku. Tattasai na gaɓar Komadugu a jihar Diffa ba shi da na biyu wajen ja. Ƙasar Matameye kuwa tsohuwar ƙasar gyaɗa ce, har masana'antar matsar mai ta taɓa yi, kuma har yau mata suna tuyar ƙuli-ƙuli suna fid da mai mai ƙanshi.

Domin gida mai mutum 8 a tanadi nunannen tumatir kilo guda da rabi, tattasai 4, albasa manya 2, attarugu gwargwadon yadda mutanen gida ke son yaji, tafarnuwa da citta kaɗan, karas 2 ko yankin kabewa, daddawar kalwa, busasshen kifi ko nama in da hali, man gyaɗa babban cokali 6, da gishiri mai iyod.

A fara da wanki. A wanke hannu da sabulu, a wanke tumatir da tattasai da ruwa mai tsabta tun ba a yanka ba, domin a rage ƙasa da ragowar maganin feshi. Wanda ya ruɓe ko ya yi furfura a yar da shi gaba ɗaya. Sayen ruɓaɓɓen tumatir domin arha, araha ce wadda ba ta ado.

A jajjaga tumatir da tattasai da albasa guda da attarugu a turmi, ko a kai inji. Ba a fere bawon tumatir, domin a nan likofen ya fi yawa. A zuba cikin tukunya ba tare da mai ba, a sa karas ko kabewa da aka yanka ƙanana, a bar shi bisa wuta madaidaiciya ba marfi, har ruwan ya ƙone ya yi kauri. Wannan shi ne aikin da masana'anta ke yi, ga shi an yi shi a gida.

A wata tukunya a soya ɗayar albasa cikin mai har ta yi taushi ta fara ja. Kada a bar mai ya yi hayaƙi. A juye tumatirin, a sa tafarnuwa da citta da dakakkiyar daddawa, a yi ta motsawa minti 10 zuwa 15. Sa'an nan a zuba romon nama ko kifin da aka gyara, a rufe, a rage wuta. Gishiri shi ne na ƙarshe: a auna shi da cokali, kada a ɗiba da hannu, kuma a ɗanɗana tukuna, domin ita ma daddawa da kifi suna da nasu ɗanɗano.

Akwai dalili cikin kowane mataki. Likofen yana shiga jiki sosai in an dafa tumatir tare da ɗan mai, saboda haka mai yana da amfani, amma ba sai ya yi iyo bisa miya ba. Albasa da karas da kabewa suna kashe tsami da zaƙinsu. Mata da yawa sukan jefa kanwa domin kashe tsami, amma kanwa tana lalata bitamin C, wanda dahuwa ta riga ta rage. Wannan bitamin yana taimakon jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da hatsi, wanda ake yin jini da shi. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna kusan yara uku cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara 5 suna da ƙarancin jini. Saboda haka yana da kyau, dab da saukewa, a watsa ganyen zogale ko alayyafo, a kuma yanka ɗanyen tumatir ko a matsa lemun tsami bisa shinkafa da wake. In za a ba ƙaramin yaro, a ɗebe nasa kafin a sa yaji da gishiri.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Mai karatu zai ce: duk mun ji, amma da damina ina za a sami tumatirin? Tambaya ce ta gaskiya. Tumatir yana son sanyi. Da zafin bazara ya tsananta furensa yakan kakkaɓe, da damina kuma cututtuka da ƙwari sukan yi masa yawa. Shi ya sa yake cika kasuwa watanni uku ko huɗu, ya yi wuya sauran shekara. Maganin abin shi ne ajiya tun lokacin yalwa, kuma hanyoyinta uku ne.

Ta farko ta 'yan kwanaki ce: tukunya cikin tukunya. A sami tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, a sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da rairayi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa yana tafiya da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Wani malamin makaranta a Dutse ta jihar Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara cikin ƙauyuka, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tumatirin da kan lalace cikin kwana 3 yana iya kai mako 2 ko 3 a cikinta lokacin rani. Da damina, sa'ad da iska ke da laima, amfaninta yana raguwa.

Ta biyu ita ce kauɗa, wato busasshen tumatir. Ba sabon abu ba ne gare mu, sai dai yadda ake yinta ne ya zubar mata da daraja. Yawanci sai abin da ya ƙi sayuwa ake yankawa, a baza shi a ƙasa ko a gefen hanya, ga ƙura, ga kaji, ga awaki. Sakamakon haka kauɗa takan fito baƙa, mai tsakuwa, uwargidan birni ta raina ta. Kauɗa ta ƙwarai kuwa ga yadda ake yinta. A zaɓi nunanne mai ƙarfi marar tabo, a wanke, a yanka da wuƙa mai tsabta gida biyu ko huɗu. A kafa ɗan gado na itace da kara mai tsawon ƙugu, a shimfiɗa tabarma ko buhu wankakke, a jera tumatir yankan yana kallon sama, kada wani ya hau wani. A lulluɓe da tsohon gidan sauro wanda aka wanke sarai, a ɗage shi yadda ba zai taɓa tumatirin ba. Da faɗuwar rana a shigar ɗaki. Cikin iskar hunturu, kwana 4 zuwa 7 sun isa. In an matsa ba a ji danshi ba, ta yi. A zuba cikin tulu ko bokiti mai marfi, a ajiye a wuri busasshe marar haske, a riƙa dubawa. Wadda ta yi furfura ba a cinta. Ranar amfani a ɗauraye, a jiƙa cikin ruwan ɗumi rabin awa, a daka tare da busasshen tattasai, ruwan jiƙon kuma a zuba shi cikin miya.

Ta uku ita ce kwalba, wato dabarar Appert. Tana da kyau ƙwarai, amma tana da sharuɗɗa waɗanda ba a wasa da su. A nemi kwalabe masu faɗin baki da marfin ƙarfe mai lafiya, a wanke, a tafasa su. A markaɗa tumatir zalla, a dafa shi ya yi ɗan kauri. Cikin kowace kwalba mai lita guda a fara zuba ruwan lemun tsami babban cokali 2, sa'an nan a zuba tumatirin da zafinsa, a bar sarari kamar faɗin yatsa a sama, a goge baki, a rufe. A shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, a jera kwalabe, a zuba ruwan zafi ya shanye kansu, a bar su suna tafasa minti 50, ana ƙirgawa daga lokacin da ruwan ya fara tafasa sosai. In sun huce a duba marfi: wanda ya lotsa ciki ya kama, wanda bai kama ba a ci abin cikinsa a ranar.

Ga gargaɗi, a karanta shi sau biyu. Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Clostridium botulinum. Tana zaune cikin ƙasa, tafasasshen ruwa ba ya kashe irinta, tana kuma hayayyafa inda babu iska, kamar cikin kwalbar da aka toshe. Dafinta yana shanye jiki ya tsai da numfashi. Abin da ke hana ta tashi shi ne tsami. Domin haka ake ƙara lemun tsami, domin haka kuma ba a taɓa sa kanwa cikin tumatirin da za a ajiye a kwalba. Haka nan ba a haɗa shi da albasa ko tattasai ko kuɓewa ko nama ko mai: waɗannan sai ranar girki. Kwalbar da marfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa ko wari, a binne abin cikinta inda dabba ba za ta tona ba.

LISSAFIN SHEKARA

Ƙaramin gwangwani ko leda garam 70 ne. Gidan da ke sayen guda kowace rana ya sayi 365 a shekara, wato wajen kilo 25 da rabi. Kwatankwacinsa a ɗanyen tumatir kimanin kilo 150 ne. In an shanya kilo 150 ɗin nan, abin da zai fito kilo 10 ne zuwa 12 na kauɗa, abin da yaro zai iya ɗauka a ka. Kuma ba duk shekara ake bukatarta ba, tun da akwai watannin ɗanye. Kowane mai gida ya ɗauki alƙalami ya ninka kuɗin leda guda sau 365, sa'an nan ya kwatanta da kuɗin kwandunan tumatir a watan Maris. Amsar da ya samu ta fi duk abin da za a rubuta a jarida.

Akwai kuma maganar dogaro da kai. A watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, duk kayan da ake sayowa daga ƙasashen ƙetare sun yi tashin gwauron zabo. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe iyakar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Mutanen Ɗan Barto ba su bukatar a ba su labarin abin da rufe iyaka ke yi wa kasuwa. Gidan da ke da tulun kauɗa a ɗaka, miyarsa ba ta jiran buɗe shinge. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wasu za su ce a gina masana'anta. Buri ne mai kyau, amma a dubi maƙwabta. A 2016 kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa ta jihar Kano, wadda aka gina domin sarrafa tan 1,200 a yini. Cikin wannan shekara wata tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda aka fara gani a Nijar a 2013, ta cinye gonakin tumatir na arewacin Najeriya. Masana'antar ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir, ko da yake a 2017 gwamnatin Najeriya ta ƙara harajin shigo da na waje domin kare na gida. Babban inji yana son kaya kullum, tumatir kuwa ɗan lokaci ne. Gadon shanya da kwalba ba su da wannan matsala: in an samu da yawa a yi da yawa, in kaɗan ne a yi kaɗan.

KIRA GA MA'AIKATA DA JAMA'A

Wannan aiki ba na mata kaɗai ba ne. Mai gida shi ke da garka, shi ke ba da kuɗin cefane: ya ware kason gida daga tumatir mai kyau tun kafin ya kai kasuwa, ya kafa gadon shanya, ya kuma daina ƙorafin miya ba ta ji gishiri ba.

Malaman gona su taimaki manoma su rarraba dashe, kada kowa ya dasa mako guda ya tsinka mako guda. Su koya musu kiyaye kwanakin da aka ƙayyade tsakanin feshi da tsinka, su kuma hana amfani da maganin ƙwarin da ba a san asalinsa ba. Malaman asibiti su riƙa auna jinin manya ko da wani ciwo ne ya kawo su, su nuna wa mata cokalin gishiri da ido ranar awon ciki da ta awon yara. Malaman yaƙi da jahilci su shigo aji da gwangwani da leda a karanta abin da ke jikinsu, a yi lissafin shekara bisa allo. Hukumomin gari su keɓe wa ƙungiyoyin mata wuri mai shinge domin shanya. Ƙungiyar da ta fid da kauɗa ja, mai tsabta, cikin leda mai suna da awo, ba za ta rasa masu saye a Damagaram da Agadas da Yamai ba.

Watan Maris ba shi da nisa ga wanda ya shirya. A tanadi kara da tabarma da kwalabe tun yanzu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka cikin garakenmu.